Tarihin Yada Zango da Mota a Gaɓar Tekun Yammacin Amurka

Al'adar bin gaɓar tekun Pasifik da mota ana kwana a hanya ta girmi titunan da ake bi a yau. Bayan da Henry Ford ya fito da Model T a 1908, mota ta shigo hannun manomi da ƙaramin ma'aikaci, sai jama'a suka riƙa ɗaure tanti da tukwane a jikin mota suna fita yawon buɗe ido. Otal-otal na lokacin yawanci a kusa da tashar jirgin ƙasa suke, ga tsada, kuma ba sa maraba da wanda ya shigo buɗu-buɗu da ƙura. Saboda haka inda dare ya yi wa matafiyi nan yake kwana, ko gonar wani ce ko harabar makaranta. Manoma suka gaji da shara da karyar shinge, garuruwa kuwa suka hango ciniki, sai suka ware filayen zango na kyauta masu famfo da makewayi. Kyautar ba ta daɗe ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1920 an fara karɓar kuɗi, har da nufin korar 'yan ci-rani da suka mai da filayen gida.

Ita kanta gaɓar ba ta biyuwa da sauƙi. A jihar Oregon, rairayin bakin teku shi ne hanya a wurare da dama idan ruwa ya janye, kuma da wannan hujja Gwamna Oswald West ya sa aka ayyana shi hanyar jama'a a 1913. Sai a 1936 manyan gadoji biyar suka maye gurbin jiragen fito a titin 101. A Kalifoniya kuwa, da nakiya aka fasa duwatsun Big Sur, fursunoni na cikin waɗanda suka yi aikin. An kammala gadar Bixby a 1932, aka buɗe hanyar daga Carmel zuwa San Simeon a 1937.

Fasalin filin zango na yau ba daga injiniya ya fito ba, daga masanin cututtukan itatuwa ya fito. An ɗora wa E. P. Meinecke binciken abin da ke damun manyan itatuwan redwood na Kalifoniya, sai ya gano cewa tayoyi da tafin ƙafar baƙi ne suke daddage ƙasa, saiwoyin da ke kusa da sama su rasa iska da ruwa. Mai mota inuwa yake nema, don haka itacen da ya fi girma shi ya fi shan wahala. A 1932 ya gabatar wa hukumar gandun daji da mafita: a yi ƙaramar hanya mai zagaye da ake bi ta fuska ɗaya, a fitar da guntun lungu ga kowace mota, a kafa murhu da teburi yadda ba za su gusa ba, a jera duwatsu ko gungume su tare taya. Hikimar ita ce an killace ɓarnar a wuri guda tun da hana ta ba zai yiwu ba. Matasan rundunar aikin gandun daji ta CCC da Shugaba Roosevelt ya kafa a 1933 su suka baza wannan tsari a gandaye da dama, ciki har da Pfeiffer Big Sur.

Daga nan motocin suka ci gaba da girma. Tirelar Airstream Clipper ta alminiyom ta fito a 1936, sannan a 1966 kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fara ƙera mota mai gado da kicin da banɗaki a farashin da iyali mai matsakaicin ƙarfi zai iya biya. Irin wannan mota tana bukatar lantarki da ruwa da wurin zubar da ƙazanta, kuma 'yan kasuwa masu filayen zango irin su KOA, da aka fara a Montana a 1962, suka cike giɓin.

Da ba a kare bakin tekun da doka ba, da filayen masu kuɗi sun rufe shi. Wani mai masauki a Cannon Beach da ke Oregon ya killace yashin gaban gininsa, abin ya tayar da ƙura har aka yi dokar 1967 da ta tabbatar wa jama'ar Oregon haƙƙin shiga gaɓar. Kalifoniya ta bi sahu da ƙuri'ar jama'a a 1972 da dokar gaɓa ta 1976. A yau ana buɗe kama wuri a gandayen Kalifoniya wata shida kafin ranar sauka, tsofaffin lungunan sun yi wa manyan motoci kaɗan har ana ƙayyade tsawon motar da za ta shiga, kuma zaftarewar ƙasa a Mud Creek a 2017 ta rufe hanyar Big Sur fiye da shekara guda.