Yadda buhun yashi ya haifi fasahar ɗaga mota da sauke ta

Idan bakanike ya sa wa mota gajeren sifirin domin ta yi ƙasa, tambayar da mai motar ya fi yi bayan kwana biyu ita ce: "Yanzu ta yaya zan ɗan ɗaga ta, ko in ƙara sauke ta?" Tambayar ba sabuwa ba ce. Ta haura shekara 60 tana yawo, kuma waɗanda suka fi matsa mata har aka samo amsa ba injiniyoyin manyan kamfanoni ba ne, matasa ne 'yan unguwa da 'yan sanda suka takura wa.

Labarin ya faro ne a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1940, musamman a gabashin birnin Los Anjalis, inda Amurkawa 'yan asalin Meziko suke da yawa. A lokacin, sauran matasa gudu suke nema a mota. Su kuwa waɗannan suka ɗauki akasin haka: mota ta yi ƙasa sosai, ta tafi sannu a hankali, kowa ya ƙare mata kallo. Abin ya zama ado, ya kuma zama hanyar cewa "ga mu nan" a garin da ake yi musu kallon bare.

Dabarar farko mai sauƙi ce. A loda buhunan yashi ko na siminti a but, nauyi ya danne sifirin, mota ta zauna. Wasu sai su cusa guntun ƙarfe tsakanin aksul da sifirin mai falle-falle. Masu sifirin mai naɗi kuma su yanke zagaye ɗaya ko biyu, ko su gasa shi da wutar walda har ya lanƙwashe.

A nan kimiyya take shigowa. Tun 1678 masanin Ingila Robert Hooke ya bayyana cewa matsuwar sifirin tana tafiya daidai da nauyin da aka ɗora masa: ninka nauyi, matsuwa ta ninka. Shi ya sa buhun yashi yake aiki. Yankan sifirin kuwa abu biyu yake yi lokaci guda. Yana gajarta shi, yana kuma ƙara masa tauri, domin zagayen da za su raba nauyin sun ragu. Gashi da wuta ya fi duka muni, saboda zafi yana kashe ƙarfin da aka hore wa ƙarfen a masana'anta, sai ya ci gaba da lotsawa, wata rana ma ya karye. Duk dabarun nan aibinsu ɗaya: in ban da yashin da za a iya saukewa, in mota ta yi ƙasa ta yi kenan.

To, sai hukuma ta shigo. A ƙarshen shekarun 1950 majalisar Kalifoniya ta yi doka, sashe na 24008 na dokokin ababen hawa. Dokar ta haramta tuƙa motar da aka sauya ta har wani sashe na jikinta ya fi ƙasan rim kusa da titi. Akwai hujjar tsaro a ciki: idan taya ta fashe, rim ne ya kamata ya fara taɓa ƙasa, ba cikin mota ba. Sai dai masu irin motocin sun ɗauke ta a matsayin sandar da aka sassaƙa domin su.

An ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 1959 wani matashi mai suna Ron Aguirre ya fito da motarsa ƙirar Corvette ta 1956, wadda ya raɗa wa X-Sonic. Ya samo famfunan haidirolik na tsofaffin jiragen sama, irin rarar da ta cika kasuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya haɗa su da ƙafafun gaba. Da danna maɓalli, famfo ya tura mai cikin silinda, mota ta tashi ta cika sharaɗin doka. An wuce ɗan sanda, a saki man, ta koma ƙasa.

Ba shi ne ya fara tunanin ɗaga mota da mai ba. A Faransa, kamfanin Citroën ya fitar da DS a 1955, mai tsarin da injiniya Paul Magès ya ƙirƙira, inda mai da iskar naitirojin suka maye gurbin sifirin ƙarfe, motar tana daidaita tsayinta da kanta ko an yi mata lodi. Bambancin shi ne, Citroën daɗin tafiya take nema, su kuwa matasan Kalifoniya mafita suke nema daga tarar 'yan sanda.

Daga nan abin ya bunƙasa. Chevrolet Impala, musamman ta 1964, ta zama abar so. A 1977 aka fara buga mujallar Lowrider a birnin San Hose. Takurar ma ba ta tsaya ba, domin a shekarun 1980 birane da dama sun hana jerin gwanon irin waɗannan motoci da dare. Sai a Oktoban 2023 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 436, wadda ta soke haramcin daga 1 ga Janairun 2024. 

Yau fa? Gajeren sifirin da ake sayarwa an ƙera shi ne da tsayi da taurin da aka auna, ba yanke ba, amma shi ma tsayinsa ɗaya ne tak. Mai son sauyi sai ya koma ga shokazoba mai zare a jiki, wadda ake juya zobenta sifirin ya hau ko ya sauka, ko kuma jakar iska. Kuma bayan an sa sabon sifirin akwai ƙa'idojin da gogaggun kanikawa ba sa tsallakewa. A bar motar ta yi 'yan kwanaki tana tafiya, sifirin ya zauna daram a mazauninsa. A auna a wuri mai baje, daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi, domin iskar taya kada ta ruɗa awo. A ɗaure notin bushin roba lokacin da motar take tsaye kan ƙafafunta, ba tana rataye a jak ba, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta riƙe motar sama, ta kuma yage da wuri. Daga ƙarshe a yi alaimen, domin sauke mota yana karkatar da tayoyi, su riƙa cinyewa ta ciki.

Ribar sauke mota gaskiya ce: cibiyar nauyinta ta matso ƙasa, ba ta yawan kwanciya a kwana. Amma kowace riba da kuɗinta, don tazarar motsin shokazoba ta ragu, ƙaramin rami ma sai an ji shi a ƙashin baya. Shi ya sa a wajenmu tarihin ya bi ta ɗaya hannun. Abin da ya sa Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ta shiga ran direbobi, har da tsayinta daga ƙasa da yadda take shanye gargada. Tsayin mota amsa ce ga hanyar da za ta bi. Kafin ka sauke taka, fara auna tudun rage gudu mafi tsayi a unguwarku.