Ayarin jakadun Japan zuwa daular Tang

Kentoshi shi ne sunan ayarin jakadun da fadar Japan ta riƙa aikawa daular Tang ta ƙasar Sin. Ayarin farko ya tashi a shekarar 630 ƙarƙashin jagorancin Inugami no Mitasuki, na ƙarshe kuma a 838. Tun ƙarni na 8, ayarin kan ƙunshi jiragen ruwa huɗu ɗauke da jakadu, ɗalibai da malaman addinin Buda, waɗanda suka kawo wa Japan littattafai, dokoki da tsarin mulkin Sin. Malaman addinin Buda Saicho da Kukai sun bi ayarin 804, daga baya suka kafa ɗariƙun Tendai da Shingon a Japan. An soke wata tafiyar da aka shirya a 894 bisa shawarar Sugawara no Michizane.