African Human Rights Law Journal

African Human Rights Law Journal mujallar ilimi ce da Cibiyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria, a Afirka ta Kudu, ta fara fitarwa a shekarar 2001. Tana fitowa sau biyu a shekara, da Turanci, kuma ba a buga kowace maƙala sai wasu masana a fannin sun tantance ta. An kafa cibiyar a 1986, lokacin da mulkin wariyar launin fata ke kan ganiyarsa a ƙasar. Farfesa Frans Viljoen yana cikin waɗanda suka daɗe suna jagorantar mujallar.

Abin da ta fi mayar da hankali a kai shi ne Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'umma, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, da hukumomin da ke kula da aiwatar da ita, wato hukumar da ke Banjul da kotun da ke Arusha. Marubutan mujallar sun sha yin nazari a kan hukuncin da hukumar ta yanke a 2001, inda ta sami Najeriya da laifin tauye haƙƙin al'ummar Ogoni sakamakon ɓarnar haƙar man fetur. Wannan hukunci ya tabbatar da cewa haƙƙin abinci, muhalli da mazauni abu ne da za a iya neman kariyarsa a gaban hukuma.

Ana karanta maƙalolin mujallar kyauta a intanet. Wannan babban gata ne ga ɗaliban shari'a a jami'o'in da ba su da halin biyan kuɗin mujallun Turai da Amurka.