Jirgin Fadama da Ya Mayar da Gaɓar Teku Tasha

A safiyar 25 ga Afrilu, 1915, wani tsohon jirgin dakon gawayi mai suna River Clyde ya nufi gaɓar Galifoli a ƙasar Turkiyya ɗauke da sojojin Birtaniya kusan 2,000. Da gangan matuƙansa suka kafa shi a rairayi, domin dabarar da aka iya samu ke nan ta kai jama'a masu yawa bakin gaɓa lokaci guda. Sauran sojojin kuwa a buɗaɗɗun kwalekwale aka jawo su, suka ƙarasa da tuƙin hannu a gaban bindigogin Turkawa. An yi asarar rayuka mai yawa a wannan rana. Shi kuma jirgin, inda ya kafe nan ya zauna, sai bayan an gama yaƙin aka janye shi.

Daga nan manyan hafsoshi da dama suka yanke cewa saukar da runduna a gaɓar da abokan gaba ke tsare da ita ganganci ne. Babban jirgi yana iya ratsa teku, amma yana bukatar tasha mai zurfi kafin ya sauke kaya. Wuyar aikin tana cikin 'yan mitocin ƙarshe, inda ruwa bai wuce ƙugun mutum ba. Kuma ko an kai gaɓa, da sauran rina a kaba, domin jirgin da ya shiga ya kasa fita sau ɗaya kawai zai yi amfani.

Dalilan wannan wuya a bayyane suke ga duk mai tuƙa ƙaramin jirgi mai inji. Farfela da abin karkata jirgi su ne suka fi kowane sashe nutsewa, kuma a baya suke, don haka su ke fara taɓa ƙasa. Injin da ke zuƙar ruwa domin ya huce yakan zuƙo yashi tare. Idan an rage gudu, jirgi ba ya bin umarnin matuƙi sosai, sai igiyar ruwa ta bugi bayansa ta juya shi a kaikaice. Da zarar ya kwanta a gicciye, kowace igiya ƙara tura shi tudu take yi, har ya cika da ruwa ko ya farfashe.

Mutumin da ya warware mafi yawan wannan matsala ɗan kasuwar katako ne. An haifi Andrew Jackson Higgins a 1886 a jihar Nebraska, nesa da kowane teku, ya kuma kafa sana'arsa a birnin New Orleans, kusa da inda kogin Misisipi ke faɗawa teku. Kudancin Luwiziyana ƙasar fadama ce: ruwa mai tafiyar hawainiya, marar zurfi, cike da ciyayi da laka da gumagumai da suka nutse. Masu yankan katako da masu ɗana tarkon namun daji da ma'aikatan haƙar mai duk suna bukatar jirgin da zai bi irin wannan ruwa, ya hau gaɓa inda babu matsaya, ya sauke kaya, ya koma.

Jirgin da Higgins ya ƙera musu, wanda ya sa wa suna Eureka, an gina shi ne a kan wannan bukata. An yi wa cikinsa wani kwarmi a ƙarƙashi ta baya, aka shigar da farfela a ciki yadda ba za ta fara cin karo da ƙasa ba. Goshinsa kuma faffaɗa ne, an ƙarfafa shi da dunƙulen katako, yana hawa kan gungume ko tudun yashi maimakon ya soke shi. Siffar cikin tana ture tarkace da kumfa gefe, ruwa mai kyau ya isa ga farfela. Saboda haka goshin jirgin zai iya zama a tudu alhali bayansa na cikin ruwa, farfela na da abin kamawa idan aka sa giyar baya. Higgins yakan nuna wa masu saye hakan a tafkin Pontchartrain, inda ake hawa matakalar bangon tafkin da jirgi a kuma dawo da shi ruwa.

A ƙarshen shekarun 1930, rundunar Marin ta Amurka, wato sojojin da aikinsu shi ne kai hari tudu daga teku, tana neman irin wannan jirgi ruwa a jallo. Ofishin ƙere-ƙere na rundunar ruwa ya fi son nasa zane, kuma an daɗe ana kai ruwa rana tsakaninsa da Higgins. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. A gwaje-gwajen da aka yi daga 1938, Eureka ya riƙa hawa gaɓa yana fita a inda sauran ke maƙalewa.

Aibi ɗaya ya rage masa: sai soja ya haura gefen jirgi ya dira cikin ruwa da kayansa, mota kuwa babu hanyar fitar da ita. Maganin ya zo daga Shanghai. A 1937 wani matashin hafsan Marin, Victor Krulak, ya ga jiragen Japan masu ƙofa a goshi, wadda ake saukewa ta zama gada, ya ɗauki hotonsu. A 1941 aka nuna wa Higgins hoton, kafin ƙarshen watan Mayun shekarar ya gwada nasa samfurin a tafkin Pontchartrain. Daga nan aka sami jirgin da sojoji suka sani da LCVP, jama'a kuma suka kira shi jirgin Higgins.

Tsawonsa ƙafa 36, faɗinsa kusan ƙafa 11. An yi jikinsa da siraran katakai da aka manne da juna, ƙofar goshi kuma ta ƙarfe. Yana ɗaukar soja 36, ko ƙaramar motar jif da mutum 12, ma'aikatansa huɗu. Nutsewarsa ba ta wuce kimanin ƙafa uku ta baya ba, ta gaba kuma ƙafa biyu da 'yan kai. Manyan jirage ke goya shi, a sauke shi da igiyoyi a tsakiyar teku, sojoji su gangaro cikinsa ta ragar igiya. Kafin yaƙin ya ƙare an ƙera sama da 23,000. Masana'antun Higgins sun ɗauki ma'aikata fiye da 20,000, har da mata da baƙaƙen fata, a lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfin doka a kudancin Amurka.

Duk da haka, kyawun ƙira bai wadatar ba sai da gwanintar matuƙi. Ka'idar ita ce ya nufi gaɓa a miƙe, igiya na bayansa. Idan goshi ya kafe, ba ya kashe inji, yana barinsa a giyar gaba domin ya riƙe jirgin a saiti. Bayan an sauke kaya an ɗaga ƙofa, sai ya jira igiyar da za ta ɗan ɗaga jirgin, ya sa giyar baya, ya ci gaba da ja da baya a miƙe har ya wuce inda igiyoyi ke fashewa. Sannan ne zai juya.

An ga tsadar rashin wannan horo a 8 ga Nuwamba, 1942, a gaɓar Fedala kusa da Kasablanka a Maroko. Sababbin matuƙa suka gamu da manyan igiyoyi da duwatsu cikin duhu. Wasu jiragen suka juya a kaikaice, wasu kuma aka yi jinkirin sauke musu kaya har teku ya janye ya bar su a busasshen rairayi. Fiye da ɗari suka salwanta. Kowane jirgi da aka rasa, an rasa duk sawun da zai yi nan gaba na harsashi da abinci da ruwan sha. Bayan wannan ne aka ƙara ƙaimi wajen horar da matuƙa, aka kuma tanadi ayarin ceto da motocin katafila masu tura jiragen da suka maƙale su koma ruwa.

Tsibirin Tarawa a tekun Fasifik ya nuna iyakar jirgin. A 20 ga Nuwamba, 1943, an yi tsammanin cikar teku za ta rufe duwatsun murjani da suka kewaye tsibirin da ruwan da zai ishi jirgi mai kaya ya wuce, wato wajen ƙafa huɗu. Ruwan bai kai haka ba. Jiragen suka tsaya a kan duwatsun, sojoji suka yi tafiyar ɗaruruwan mitoci cikin ruwa ana harbinsu. Kusan sojan Marin 1,000 suka mutu cikin kwana uku. 'Yan incin ruwa da suka gaza sun taka rawa babba a wannan asara.

Waɗanda suka tsara saukar Nomandi a Faransa sun riƙe waɗannan darussa. An sa lokacin fara sauka a gaɓar Omaha da Utah ƙarfe 6:30 na safiyar 6 ga Yuni, 1944, jim kaɗan bayan teku ya gama janyewa ya fara dawowa. Da haka za a ga shingayen ƙarfe da nakiyoyin da Jamusawa suka kafa, kuma ruwan da ke ƙaruwa zai ɗaga duk jirgin da ya kafe ya koma ɗauko wasu. Lissafin bai hana masifa ba: a Omaha jirage da yawa sun tsaya a kan tudun yashi nesa da gaɓa, mutane suka dira cikin kwazazzabai masu zurfi da kaya masu nauyi. Amma jiragen sun yi ta kai da komo, suna kai sojoji suna dawowa da waɗanda suka jikkata, kuma runduna ta kafu a Faransa ba tare da ta fara kame wata tasha ba.

Masanin tarihi Stephen Ambrose ya ce, shekaru bayan haka, Janar Eisenhower ya shaida masa cewa ba don waɗannan jirage ba, da dole a sauya dukkan tsarin yaƙin. Higgins ya rasu a 1952. A 6 ga Yuni, 2000, aka buɗe gidan tarihin saukar Nomandi a New Orleans, wanda daga baya ya zama gidan tarihin Yaƙin Duniya na Biyu na ƙasar Amurka. An zaɓi birnin ne saboda jirgin da aka fara ƙerawa domin ma'aikatan fadama, waɗanda babbar damuwarsu kullum ita ce yadda za su fitar da jirginsu daga laka su koma gida.