Magili da Yahudawan Tuwat

A Kano ana tuna Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili da alheri. Shi ne baƙon da ya sauka a wurin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, kuma Sharifan birni suna danganta asalinsu da shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yawaita kafa hujja da maganganunsa. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne abin da ya aikata a Tuwat kafin ya iso ƙasar Hausa, kuma wannan labari yana nuna inda ƙiyayyar Yahudawa ta samu gindin zama a tarihin Musulmi.

Tuwat jerin dausayoyi ne a tsakiyar Sahara, a kudancin Aljeriya ta yau, mashigar ayarin zinariya da gishiri. A 1447 wani ɗan kasuwa daga Jenowa ta Italiya, Antoniyo Malfante, ya rubuto wasiƙa daga can yana cewa Yahudawa suna da yawa, suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar shugabannin gari, kuma ciniki yana hannunsu. A Tamantit, babban garin yankin, suna da wurin ibadarsu.

Wannan zaman lafiya shi ne ya dami Magili, wanda ya zo daga Tilimsan. A fiƙihu Bayahude a ƙasar Musulunci zimmi ne: an amintar da jininsa da dukiyarsa da addininsa, shi kuma ya biya jiziya. Amma aya ta 29 a Suratut Tauba ta haɗa biyan jiziyar da ƙasƙanci, kuma a kan ma'anar wannan ƙasƙanci malamai suka rabu. Wasu sun ce miƙa wuya ga hukuncin Musulunci ne kawai. Magili ya ɗauke shi wulaƙanci ne da dole a gan shi da ido, a sutura, a abin hawa, a yadda ake karɓar kuɗin. Tunda Yahudawan Tuwat suna mu'amala da masu mulki kamar abokai, a ganinsa sun warware alƙawari, jininsu da dukiyarsu sun halatta, wurin ibadarsu kuma a rushe shi.

Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi. Shi ma Bamalike ne, littattafan da Magili ya karanta su ya karanta. Aka aika tambaya Fas da Tilimsan da Tunus. Ibnu Zakari, muftin Tilimsan, da wasu manya suka ce a bar ginin yadda aka same shi. Tanasi ya goyi bayan Magili, haka ma Sanusi, mai Ummul Barahin ɗin da ake karantawa a zaurukanmu har gobe. Wansharisi ya tattara waɗannan amsoshi a cikin Mi'iyar, wanda yanzu kowa zai iya sauke shi a wayarsa.

Magili bai jira a daidaita ba. A wajajen 1492 ya tara jama'arsa suka rushe wurin ibadar Tamantit, aka kashe Yahudawa, sauran suka watse. A wannan shekara ce sarakunan Kirista suka kori Yahudawa daga Sifen, Sarkin Usmaniyya Bayazidu na biyu kuma ya buɗe musu ƙofa. Musulmi ne Bayazidu, Musulmi ne Magili.

Hujjar tasa kuwa ba sabuwa ba ce. A Garnaɗa, a ƙarshen 1066, malami Abu Ishaƙ al-Ilbiri ya yi waƙa yana zuga jama'a a kan waziri Yusufu ɗan Nagrila da cewa Yahudawa sun karya alƙawari. Aka kashe wazirin da ɗimbin mutanensa. A Fas, a 1465, Sarki Abdulhaƙƙi ya naɗa Bayahude waziri, gari ya tashi, aka kashe sarkin da wazirin da Yahudawan birnin. Duk sau ukun, laifin ɗaya ne: wanda aka ce ya zauna a ƙasa ya miƙe tsaye. A ganina nan saiwar take. Zimma ta ba Yahudawa kariyar da ba su cika samu a Turai ta wancan zamani ba, amma kariya ce mai sharaɗi, kuma duk mai wa'azin da ke da mabiya yana iya shelar cewa sharaɗin ya faɗi.

Ya kamata a raba wannan da tatsuniyoyin da suka shigo daga baya. Ƙaryar cewa Yahudawa suna yanka mutane don jininsu daga Turai ta fito, ta yi suna a ƙasashen Larabawa da shari'ar Dimashƙa ta 1840. Littafin ƙarya na makircin dattawan Sahayoniya a Rasha aka fara buga shi a farkon ƙarni na 20. Magili bai san da su ba, maganarsa ta fiƙihu ce. Sai dai sun tarar da gona a share.

Daga Tuwat ya yi kudu, ta Ayar zuwa Kano da Katsina, sannan Gawo wurin Askiya Muhammadu. Yana can labari ya iso cewa an kashe ɗansa a Tuwat, aka ɗora alhakin a kan ɓangaren Yahudawa. Ya nemi Askiya ya kame duk mutanen Tuwat da ke Gawo, aka kame su. Malamin Timbuktu, Mahmudu ɗan Umaru, ya ce mutanen nan ba su da hannu a ciki, aka sake su. Magili ya koma Tuwat ya rasu a wajajen 1504. Bayan 'yan shekaru Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo na Afirka, ya ziyarci Timbuktu, ya rubuta cewa sarkin ya hana Yahudawa zama a birnin, kuma yana ƙwace dukiyar duk ɗan kasuwar da ya ji yana hulɗa da su.