Yadda Nas Mai Bibiyar Majinyaci Ta Samo Asali a Amurka

A manyan asibitocin Amurka akwai wata nas da ba ta allura, ba ta ɗaura ruwa, ba ta wankin ciwo. Kayan aikinta waya ne da kwamfuta da fayil ɗin majinyaci. Idan likita ya ce gobe za a sallami wani dattijo mai ciwon zuciya, ita ce ke tashi da tambayoyi: wa zai kwana da shi a gida? Kamfanin inshora ya yarda ya biya tukunyar iskar numfashi? Magungunan da aka rubuta masa yana da halin sayensu, ya kuma san na safe da na dare? Wannan aiki na bibiyar majinyaci ya zama sana'a mai zaman kanta, da jarrabawarta da takardar shaidarta. Abubuwa biyu ne suka rene ta, tausayi da lissafin kuɗi, kuma har yau kowannensu yana jan ta wajensa.

A shekarar 1893, wata matashiyar nas mai suna Lillian Wald tana koyar da matan unguwar talakawa a birnin New York yadda ake jinya a gida, sai wata yarinya ta zo ta ja ta zuwa ɗakinsu, inda uwarta ke kwance cikin jini bayan haihuwa, ba mai dubawa. Abin da Wald ta gani ya sa ita da ƙawarta Mary Brewster suka tare a unguwar, suka kafa abin da ya zama gidan Henry Street. Nas-nas ɗin gidan kan bi marasa lafiya ɗaki-ɗaki, har sukan tsallaka ta saman rufin benaye daga wannan gini zuwa wancan don rage hawa da sauka. A nan suka gane cewa tarin fuka ba ya warkewa a ɗakin da babu taga, kuma jaririn da uwarsa ba ta ci ba magani bai ishe shi ba. Dole nas ta nemo madara, ta lallashi mai gidan haya, ta haɗa iyali da ƙungiyar agaji. Ma'aikatan jin daɗin jama'a ma suna irin wannan aiki a lokacin, shi ya sa har yau su da nas-nas ne ke riƙe da sana'ar.

Kuɗi ya shigo tun da wuri. A 1909 Wald ta shawo kan kamfanin inshora na Metropolitan Life ya riƙa biyan nas-nas su ziyarci masu inshorarsa idan sun kwanta. Lissafin kamfanin a fili yake: wanda ya warke zai ci gaba da zubi, wanda ya mutu kuwa sai a biya magadansa. Ban ga laifin Wald ba, domin dubban talakawa sun samu jinyar da ba za su taɓa samu ba. Amma daga ranar nas mai bibiya ta samu iyayengiji biyu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanonin inshora suka riƙa ɗaukar nas-nas don tsara jinyar ma'aikatan da suka ji mummunan rauni a bakin aiki. Sannan aka fara kwashe masu taɓin hankali daga manyan asibitocin gwamnati, waɗanda a 1955 ke ɗauke da mutum fiye da rabin miliyan. Da yawa suka fito ba su san inda za su karɓi magani ko su kwana ba, sai aka fara naɗa musu masu bibiya.

Abin da ya juya al'amarin baki ɗaya ya zo a 1983. Tun da aka kafa shirin Medicare na lafiyar tsofaffi a 1965, gwamnati na biyan asibiti duk abin da ya ce ya kashe. Kwana ya yi yawa, kuɗi ya yi yawa, babu mai gaggawar sallama. A Jami'ar Yale, Robert Fetter da John Thompson, wanda shi kansa nas ne tun asali, suka kasa cututtuka rukuni-rukuni, tsarin da aka sani da DRG. Jihar New Jersey ta fara gwada shi a 1980, daga Oktoban 1983 kuma Medicare ya ɗauka. Daga nan kowane rukuni yana da ƙayyadadden farashi. Mai ciwon haƙarƙari ya yi kwana 4 ko ya yi 14, kusan kuɗi ɗaya asibiti zai karɓa. Kwanan da jiya riba ne, yau ya koma asara. Nan take kwanakin jinya suka ragu, koke-koke kuma suka taso cewa ana sallamar tsofaffi da ɗanyen ciwo.

Nas-nas ne suka nemo mafita. A asibitin New England Medical Center da ke Boston, wajen 1985, Karen Zander da Kathleen Bower suka aro dabarar injiniyoyi ta tsara aikin gini mataki-mataki, suka mayar da ita taswirar jinya. Takarda ce guda mai layuka: wanda aka yi wa tiyatar ƙugu, rana ta farko ya zauna a bakin gado, ta biyu ya taka da abin dogarawa, ta uku a fara koya wa iyalinsa kula da ɗinki. In rana ta wuce abu bai faru ba, nas za ta rubuta dalili, ko zazzaɓi ne, ko mai gashin ƙashi ne bai zo ba, ta bi sawu. A Tucson ta jihar Arizona kuwa, Phyllis Ethridge ta asibitin Carondelet St. Mary's ta ɗauki wata hanya: nas ta raka majinyaci daga gadon asibiti har gidansa, ta ci gaba da leƙa shi. Mai karatu a Najeriya zai ga kama da wannan a asibitocin da ke ba da maganin ƙanjamau, inda ake da masu bugo wa wanda ya tsallake ranar karɓar magani, ko da yake ba lallai su kasance nas ba.

Zuwa ƙarshen shekarun 1980 sunan mai bibiyar majinyaci ya zama na kowa. Nas mai shekara 20 a ɗakin jinya tana amsa shi, ma'aikacin inshora da aikinsa kawai ƙin amincewa da kuɗi shi ma yana amsa shi. Wannan ruɗani ne ya haifi takardar shaida. An kafa ƙungiyar masu sana'ar, CMSA, a 1990, aka yi jarrabawar farko ta shaidar CCM a 1993, sannan a 1995 ƙungiyar ta fitar da ƙa'idojin aiki a rubuce.

Ba a shiga jarrabawar CCM da karatu kaɗai. Sai mutum yana da lasisi ko digirin da ya dace, ya kuma yi aikin bibiya na aƙalla wata 12. Tambayoyi 180 ne cikin awa 3, kuma nas da ta ƙware a gefen gado takan tarar da yawancinsu ba kan jinya suke ba: dokokin inshora, sirrin majinyaci, gyaran nakasa, halin iyali, ɗa'ar aiki. Duk shekara 5 ake sabuntawa da awa 80 na ƙarin ilimi ko sake zama. Hukumar ANCC tana da tata shaidar ta nas-nas zalla, wadda ke neman shekara 2 a aikin jinya da awa 2,000 na bibiya cikin shekara 3. Ƙungiyar ACMA, da aka kafa a 1999, tana ba da shaidar ACM ga masu aiki a asibitoci.

A ganina mafi nauyin abin da takardar ta kawo shi ne kundin ɗa'a, wanda ya ɗora wa mai ita tsayawa wa majinyaci, kuma ana iya ƙwace shaidar wanda ya saɓa. Nas da kamfani ke biyanta albashi, ga kuma tsohuwar da ba ta isa sallama ba a gabanta, gaba kura ce baya sayaki. Takarda ba ta kore kurar ba, amma ta ba ta abin da za ta kafa hujja da shi idan ta ce a'a.

Daga baya gwamnati ma ta gyara lissafinta. A ƙarƙashin dokar lafiya ta 2010, tun Oktoban 2012 Medicare ke zaftare kuɗin asibitin da majinyatansa suka yawaita komawa gado cikin kwana 30 da sallama, zaftarewar da takan kai kashi 3 cikin 100. A 2013 kuma ya fara biyan kuɗi na musamman don bibiyar bayan sallama, da sharaɗin a tuntuɓi majinyaci cikin kwana 2 na aiki, likita kuma ya gan shi cikin kwana 7 ko 14 gwargwadon tsananin ciwonsa.