Hukuncin Maciji da Damo a Ƙasar Dogon Daji

Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal bayan jihadin 1804, mutanen Dogon Daji da na ƙasar Kebbe, waɗanda gonakinsu da makiyayansu ke kan iyakar daji, ba su taɓa yi wa halittun da ke jan ciki hukunci guda ba, domin kowace da matsayinta a wurin malami da manomi da bafade.

Almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya san cewa macijin da ya bayyana cikin gida mustahabbi ne a yi masa gargaɗi har sau uku kafin a ɗaga masa sanda, saboda yiwuwar aljani ne ya rikiɗa, alhali wanda aka gamu da shi a jeji ba shi da wannan alfarma. Shi ya sa kububuwa da kasa da kumurci, waɗanda ke saran manomi lokacin girbi, ba wanda ke jinkirta kashe su, amma macijin da ya lafe bayan rumbu yana cin ɓeraye, sau da yawa tsofaffi kan ce a ƙyale shi, kuma da dare ko sunansa ba a kamawa, sai a ce igiyar ƙasa. Tsaka kuwa ba ta sami mai ceto ba, tun da hadisi ya zo da cewa ita ce ta hura wutar da aka jefa Annabi Ibrahimu, Alaihissalamu; yara ma da ba su san nassin ba sun gaji ƙiyayyar.

Damo, wanda ake yi wa kirari da sarkin haƙuri, shi ne a ganina aka fi zalunta, domin ba ya sara, ba ya ɓarna, illa dai namansa na da daɗi, fatarsa kuma na da kasuwa. Gardawa, masu yawo kasuwa-kasuwa da gamsheƙa cikin ƙwarya suna sayar da maganin sara, kaɗan suke kamawa daga cikin waɗannan halittu. Da fataucin fatu ya bunƙasa a zamanin Turawa, dukawan Sakkwato suka shiga ɗinka jakunkuna da takalma na fatar mesa da guza da damo, sai mafarauta suka dinga bin ramuka da suri ba ƙaƙƙautawa. Gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 11 a 1985 don taƙaita wannan ciniki, sai dai a lokacin gatari da garma sun riga sun cinye mafi yawan kurmin da mesa ke fakewa.